Shekarar Da Na Ajiye Kunyar Ɗan Fari

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a dangi, cewa wai Yayanku ya ga boko ya ruɗe, ya tsallake ubansa yana makancewa ya tafi jami'a. Waɗansunku sun ji ta a gidan biki sun yi shiru, don lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, wasu ma ba a haife su ba. Shi kuwa kun san halinsa, ko za a yanka shi ba zai kare kansa ba. To ni zan faɗa, tunda Allah ya ba ni tsawon rai, ya kuma ba ni hannun rubutu ko da a makare. Yayanku bai nemi tafiya ba. Ya riga ya haƙura, ya ɗaure littattafansa ya tura ƙarƙashin gado. Ni na tayar da maganar, kuma a gaban mutanen da bai kamata in buɗe baki ba.

Gidanmu na Likoro a wancan zamani gidan noma ne da karatu. Da damina kowa yana gona, masara da dawa da ɗan rake a fadama, amma ko ana tsakiyar aiki, bayan asuba da bayan la'asar zaure ba ya rabuwa da mutane. Manyan ɗalibai ne masu iyali, waɗansu daga Kudan, waɗansu har daga Nasarawan Doya, kowa da littafinsa a gafaka. Ɗalibi ya karanta Larabci ya tsaya, mahaifinku ya fassara masa da Hausa, ya ce na'am, ya ci gaba. Daga wurin girki nake jin su, har na haddace waɗansu wurare ba tare da na san ina haddacewa ba. Malam mutum ne mai sauƙi a komai, sai a abu guda. Ba ya karɓar karatun da mutum ya yi shi kaɗai. Na tuna wani dattijo da ya zo daga Ikara, ya ce ya gama littafin fiƙihu na farko a ɗakinsa, a ɗora masa na gaba.

"Wa ya biya maka?" in ji Malam.

"Ni na duba da kaina, Allah gafarta Malam."

"To ba ka karanta ba, kallo ka yi. Buɗe shafin farko."

Mutumin nan ya girme shi, amma haka ya buɗe.

Dab da a ba mu mulkin kai idon Malam ya fara yana. Ainihin littattafan duk suna kansa, ko a duhu zai biya su. Abin da ya gagare shi shi ne ƙananan rubutun nan na gefen shafi, inda malaman da suka gabata suka yi bayani. Sai Yayanku ya zama idonsa. Yana zaune a damansa, in tambaya ta yi wuya Malam ya ce a duba masa gefe, shi kuma ya karanta. A lokacin yana koyarwa a firamare a Kudan, ya tafi da keke ya dawo da keke. Abin da ya rage masa na yini yana gindin mangwaron bayan gida da waɗansu takardu da ake aiko masa ta gidan waya daga ƙasar waje. Ya amsa tambayoyi ya aika, sai an manta da su su dawo da jan biro. Da wannan karatun, ba aji ba malami, ya zauna babbar jarrabawa ya ci. Jami'ar da aka buɗe sabuwa a Zariya ta ba shi gurbi. Hedimastansu da kansa ya zo gidanmu yi wa Malam barka, gari duk ya ɗauka.

Ku 'yan yanzu da kuke rungume 'ya'yanku na fari a gaban surukai, dole in tsaya in yi muku bayani. A zamaninmu uwa ba ta da ɗan fari. Ana yaye shi aka kai shi ɗakin Iya, mahaifiyar Malam, a can ya tashi. Ban taɓa kiran sunansa ba, sai dai in ce yaron nan, ko wancan. Shi ma Gwaggo yake ce mini kamar yaran maƙwabta. In ya faɗi a gabana wata ce za ta ɗaga shi. In ana yabonsa sai in sunkuyar da kai, in ana shawara a kansa sai in tashi in bar wurin. Ba wanda ya tilasta mini, haka na ga uwata ta yi, kuma har ga Allah ina ganin kyan abin. Amma kunya ba ta hana ido gani. Na ga kwanon tuwonsa yana dawowa yadda aka kai shi tun ranar da aka fara cewa zai yi wuya ya tafi. Na kuma ga ya daina zuwa gindin mangwaro.

Ni ma a shekarun nan ɗaliba ce. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na matan aure a gidan mai unguwa, na riga na haifi biyar. Malam ya yarda, Iya ta ce ba ta taɓa ganin tsohuwar kaza ta koma cikin ƙwai ba. Na tafi abina. A ajin nan akwai wata Bafillatana mai tallan nono da ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, kuma ba ta iya ɓoye dariya. Duk ranar da na yi kuskure a allo sai ta tuntsire, sauran mata su taya ta. In dawo gida raina a ɓace, in yi ta zane a ƙasa da tsinke a bakin murhu har sai na gano inda na kauce. Da aka rufe ajin, na ci gaba ni kaɗai da jaridar da aka ƙunso kaya da ita da 'yan littattafan da nake ara. Na ƙaru, ba ƙarya. Amma na lura da wani abu a kaina. Duk inda ya yi mini daɗi nakan maimaita shi, duk inda ya yi wuya sai in tsallake, kuma ba mai cewa Dije dawo nan. Wata biyu ina jin kaina malama, alhali ba wanda ya gwada ni.

Ranar wata Juma'a, damina ta ja baya dawa ta fara kai, Baffanku Tanimu ya zo daga Makarfi. Shi ne wan Malam, malamin awo a kasuwar auduga. Bai taɓa shiga aji ba, da kansa ya koyi boko da Turanci daga rediyo da takardun ofis, kuma ban taɓa ganin mai kaifin ƙwaƙwalwarsa ba. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Iya. Ita tana kan kujerarta, Malam da Baffa a tabarma, Yayanku a durƙushe can gefe. Ni ina tankaɗe a bakin madafa. Da na ji inda maganar ta nufa, ya kamata in kwashi rariyata in shige ɗaki. Sai na ci gaba da tankaɗe garin da na riga na tankaɗe.

"Ni wa ya koya mini?" Baffa ke nan. "Jami'a ta taɓa bi ta ƙofar gidanmu? Ga shi yau Bature in ya zo awo ni yake nema. Yaron nan a gindin mangwaro ya kayar da 'yan kwaleji. Wanda ya haƙa rijiya a gidansa me zai kai shi rafi? Digirin ma ana yin sa ta gidan waya, na bincika. Ya zauna. Ga aikinsa, ga ubansa, ga karatunsa, ba abin da ya rasa."

"Ni dai mijina ba ya zuwa ko'ina," in ji Iya, don haka take kiran jikan nata da wasa. "Ya je can wata mai ɗan siket ta ƙwace mini shi, wa zai saro mini rake?"

Aka yi dariya, har shi ma ya ɗan murmusa. Malam ya juya wajen da yake jin numfashinsa.

"Kai me ka gani?"

"Duk abin da aka yanke, Malam."

"To shi ke nan," in ji Baffa, yana laluben takalminsa. "Gobe ka je ka gaya wa hedimasta an gode."

Na ajiye rariya. Hannuna duk gari, ban ko kakkaɓe ba. Na taka har bakin tabarma na durƙusa.

"Iya, a gafarce ni, ina da magana."

"Maganar me?"

"Maganar Lawal."

Tunda aka raɗa masa suna, ranar ce ta farko da ya fito daga bakina. Shi kansa ya ɗago ya dube ni kamar an kira shi daga cikin rijiya.

"Dije," in ji Iya a hankali, "wani abu kika sha?"

"Ban sha komai ba, Iya. Malam, tambaya zan yi maka. Dattijon nan na Ikara da ya ce ya gama littafi shi kaɗai, me ya sa ka mayar da shi shafin farko?"

Kafin Malam ya buɗe baki, Baffa ne ya karɓe.

"Wannan karatun addini ne, ƙanwata. Boko daban yake. Boko in kana da kai, takarda ta ishe ka."

"Yaya, kai ai kana da kai, duk gidan nan ba kamarka, kowa ya sani. Amma tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin wani ya kai ƙarshen maganarsa a gabanka ba. Mai karatu shi kaɗai kullum shi ne na ɗaya a ajinsa. Yaron nan takardarsa sai ta yi wata da watanni kafin wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba ya ja mata jan layi. Ba mai yi masa gardama, ba wanda ya fi shi a kusa da shi. Ina so ya je inda za a fi shi."

"Ajin matan gidan mai unguwa ne ya ba ki wannan bakin?"

"Shi ne, Yaya. A can aka yi ta yi mini dariya har na iya."

Iya ta tafa hannu tana salati, ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, uwa tana lauya a kan ɗan fari, a gaban uwar miji da wan miji, rana tsaka. Ta ce wa Yayanku ya tashi ya ba su wuri, kada kunnensa ya ƙara jin abin kunya. Ya tashi ya fita. Sai a lokacin Malam ya yi magana, kuma muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Idona fa, Dije?"

Wannan ita ce tambayar gaskiya, duk sauran surutu ne. Na kwana da ita na tashi da ita tun kafin ranar, kuma ban samo mata amsa mai daɗi ba. Na ce masa:

"Ba ni da maganin idonka, Malam. In ya tafi za ka sha wuya, zaure ma zai sha wuya, ban ɓoye ba. Amma idonka Allah ne yake karɓa, ba mu da ta cewa. Na yaron nan kuwa mu ne muke shirin karɓewa da hannunmu."

Ban jira amsa ba. Na koma na ɗora tukunya, don ko sama za ta faɗo sai an ci tuwon dare.

Washegari da hantsi, bayan ɗalibai sun watse, Malam ya shigo ya tsaya a tsakar gida yadda kowa zai ji. Ya ce maganar da aka yi jiya gaskiya ce, yaro zai tafi. Ya ce shi da yake mayar da dattawa shafin farko ba zai yi wa ɗansa wata doka daban don biyan bukatar kansa ba. Sannan ya ce gaskiya ce, amma bakin da ya faɗe ta bai dace ba, kuma Iya ta ce in je gida Paki in koyo abin da ban koya ba. Bai musa wa mahaifiyarsa ba, ni ma ban so ya musa ba. Na goya autata ta lokacin, na ɗauki ƙunshina, aka raka ni bakin hanya.

A Paki uwata da ta ji abin da ya kawo ni sai ta rufe bakinta da gefen mayafi.

"Da bakinki kika kira sunansa?"

"Da shi, Inna."

"A gaban surukarki?"

"Da wan mijina."

"To zauna. Ni ba ni da fuskar da zan je ba da haƙuri da ita yanzu."

Ina can Yayanku ya tafi. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai, fiye da gorin matan unguwa da ke leƙowa su ga marar kunyar Likoro. Na riga na shanya kuka da kuɓewa, na daka yaji na ɓoye a cikin tulu don guzurinsa, ko da ta hannun wani zan ba shi. Ban ga fitarsa ba, ban ɗaure masa ko ƙulli ɗaya ba. Daga baya aka gaya mini Iya ce ta binciko tulun nan, ta ƙara da dakuwa da mazarƙwaila, ta ɗaure masa tana zagina tana kuka.

Sai da aka gama yankan dawa aka zo biko, kuma ba kowa ya zo ba sai Baffanku Tanimu. Ya gaisa da mahaifina, ya ba da goro, sannan ya sa aka kira ni.

"Ki shirya mu koma. Iya ta huce, ta ce miyar kowa ba ta da gishiri."

"Kai fa, Yaya, ka huce?"

"Ni ban huce ba. Har gobe ina kan bakana, asarar shekaru zai yi. Amma tunda kika tafi ba wanda ya ce mini na yi kuskure, abin har ya fara damuna."

Da hutun farko Yayanku ya dawo a rame. Aka zauna a ƙofar ɗakin Iya, ni kuma na koma mazaunina na da, bakin madafa, kaina a sunkuye kamar ban san wanda ya zo ba. Baffa ya tambaye shi yadda ya bar 'yan jami'a, ko sun gane an kawo musu gwani. Ya ce aikin farko da ya rubuta, malamin ya kira shi ofis ya ce masa wannan hadda ce, yana son ya ji abin da shi yake gani. Ya ce akwai wani ɗan wajen Kagoro da suke ɗaki ɗaya, duk gardamar da suka yi sai ya kayar da shi, kuma a ɗakin karatu ya ga littattafai a kan abin da yake tsammanin ya gama sani, sun fi ƙarfin ya karance su ko da zai shekara goma.

"Ba na faɗa ba?" in ji Baffa. "A gida yana na ɗaya, an kai shi can an mayar da shi kurar baya."

Malam ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba, har yana share ido.

"An buɗe masa shafin farko ke nan. Alhamdu lillahi, ya sami malamai."

Kada wani cikinku ya ɗauka ina raina karatun da mutum ya yi wa kansa. Yawancin abin da na sani ni kaɗai na tsinto shi, har wannan rubutun da kuke karantawa. Wanda bai sami hanya ba ya riƙe littafinsa da ƙarfi, kada ya ji kunyar kowa. Baffanku ya mutu ya fi masu digiri da yawa sani, na kuma ga waɗanda suka je jami'a suka dawo da wautarsu cif, sai ƙarin taye a wuya. Abin da na ce shi ne, in ƙofa ta buɗe inda mutum zai zauna da waɗanda suka fi shi, su murɗe masa kunne, su tilasta masa bin inda ba ya so, to kada a rufe masa ita a ce ai yana iyawa shi kaɗai. Iyawar tasa ce ma dalilin da ya sa ya kamata ya tafi.

Abin da na faɗa game da zaure kuwa bai tsallake ba. Aka sami wani ɗalibi yana duba wa Malam gefen shafi, amma karatunsa da nauyi, kafin ya gano wuri mai tambaya ya gaji. Daga baya shi ma ya koma garinsu. Yayanku yakan zo hutu ya zauna a daman ubansa, zaure ya cika kamar da, hutu ya ƙare ya koma. Da ya gama aka ba shi aiki a Kaduna, ya roƙi Malam ya bi shi a duba idon, aka duba aka ce an makara. Malam ya ce a mayar da shi Likoro. Ɗalibai suka riƙa raguwa, kuma yawanci shi da kansa yake sallamarsu. In ya ga mutum ya kai inda yake bukatar abin da ke gefen shafi, sai ya ce masa ya tafi wurin wani malami a Kudan, ya ce shi ya aiko shi. Na ƙarshensu wani bawan Allah ne daga Nasarawan Doya, da ya ƙi tafiya har sai da Malam ya yi masa faɗa.

Ranar da wannan ya yi sallama, na ji shiru ya yi yawa a zaure, na leƙa. Malam yana zaune a kan buzunsa shi kaɗai, littattafai a jere a gefensa, hannunsa a kansu. Na shiga, abin da ban saba yi ba, na ce ya taso rana ta yi. Ya kama hannuna muka shigo tsakar gida. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Dije."

"Na'am, Malam."

"Da za a sake zaman nan na ƙofar ɗakin Iya, kin kuma san haka zaure zai ƙare, za ki sake magana?"

"Zan sake."

Ya gyaɗa kai.

"To. Zuba mini ruwa a buta, azahar ta gabato."